A Duba Kukan Ƙananan Ma'aikatan Asibiti

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Kudu ya san irin faɗuwar gaban da akan ji ran da saƙo ya iso daga gida cewa an ba tsoho ko tsohuwa gado a asibiti. Ko mutum yana Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Badun ko Shagamu, ko Fatakwal ko Anacha, tambayoyinsa ba su wuce uku ba: wane asibiti ne, me likita ya ce, nawa ake nema? Da ya sami amsa sai ya shiga fafutukar haɗa kuɗi, ya aika, sa'an nan hankalinsa ya ɗan kwanta, a ganinsa ya sauke nauyi. Amma fa akwai tambaya ta huɗu wadda da wuya ka ji wani ya yi ta, alhali kuwa sau da yawa ita ce ke raba majinyacin da zai tashi da wanda ba zai tashi ba. Tambayar ita ce: wa zai juya shi da tsakar dare, wa zai wanke shi, wa zai ba shi koko a baki, wa zai lura in numfashinsa ya sake?

Masu wannan aiki su ne ƙananan ma'aikatan asibiti, waɗanda jama'a ke kira atanda, tare da masu shara da goge-goge, da masu wanki, da masu tura majinyata a keke. Ba a rubuta sunansu a takardar magani, ba a kuma ambatonsu ran da aka zo yi wa asibiti godiya. Ra'ayinmu a yau shi ne, aikin nan nasu jinya ne na sosai, yana da ƙa'ida, yana da haɗari, yana kuma da iyaka, kuma muddin hukuma da jama'a suna ɗaukarsa aikin da kowa ma zai iya, to kuɗin da 'yan'uwanmu ke aikawa gida zai riƙa sayen magani ne kawai, ba zai sayi lafiya ba.

Bari mu ɗauki Samarun Kataf, cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf a kudancin Jihar Kaduna, mu yi misali da ita, domin ƙasa ce da ta ba Kudu sojoji da 'yan sanda da masu gadi da direbobi da 'yan kasuwa masu yawa, kuma abin da ya shafe ta ya shafi sauran garuruwan Arewa. Mutumin Samaru in ciwo ya kama shi yakan fara ne da ƙaramin asibitin da ke kusa. In abin ya gagara sai a nufi babban asibitin gwamnati na Zangon Kataf, ko asibitin mishan na St. Louis da ke Zonkwa. In nan ma ya faskara sai a bi ta Kagoro a gangara Kafanchan, a babban asibitin da aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu cikin watan Disamba na 2012. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, abin da mutanen yankin suka daɗe suna roƙo.

Ƙasar kuma ba ta rasa makarantun koyon aikin lafiya ba. Akwai Kwalejin Koyon Jinya da Ungozoma ta Jihar Kaduna a Kafanchan, akwai makarantar ungozoma ta St. Louis a Zonkwa, akwai kwalejin koyon aikin lafiya ta ECWA a Kagoro. Nas da ungozoma suna da majalisarsu ta ƙasa, wadda aka kafa da doka a 1979, ita ke ba su lasin, ita ke karɓewa in sun yi laifi. Ma'aikatan lafiya na karkara su ma suna da hukumarsu tun 1992, suna karatun shekara biyu ko uku, suna da littafin ƙa'idojin da ke nuna musu abin da za su yi da wanda za su tura gaba. Atanda kuwa, wanda ya fi kowa daɗewa a gefen gadon majinyaci, galibi ana ɗaukarsa aiki ne yau, gobe a miƙa masa bokiti da tsintsiya, a ce ya bi na gaba da shi ya ga yadda ake yi.

To, mene ne aikin nan da ake cewa a gani a koya? Na farko shi ne juya majinyaci. Mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda ya karye a ƙugu, ko tsohon da ƙarfi ya ƙare masa, ba ya iya motsawa da kansa. In aka bar shi a kwance ta gefe guda, nauyin jikinsa yakan danne jijiyoyin jini a wuraren da ƙashi ya kusanci fata, watau ƙugu, da gindin baya, da dunduniya, da kafaɗa, da ƙeya. Fatar wurin sai ta yi duhu, ta yi taushi, ta fashe, ta zama gyambo. Ƙa'idar da aka daɗe ana koya wa masu jinya ita ce a juya irin wannan majinyaci kamar kowace awa biyu, dare da rana, a miƙe zanen gado kada ya tattare, a tsane jiki kada fitsari ko gumi ya jiƙa shi, a sa matashi tsakanin gwiwoyi. Gyambon kwanciya yana iya buɗewa cikin 'yan kwanaki, amma warkar da shi yakan ci watanni, wani lokaci ma ya sa guba a jini ya kashe mutumin da ciwonsa na asali ya fara sauƙi. Allura ba ta hana shi. Hannu ne ke hana shi.

Na biyu shi ne ciyarwa da shayarwa. Kowa na ganin ba da abinci a baki abu ne mai sauƙi, tun da uwa ma tana yi wa ɗanta. Amma majinyacin da hawan jini ya buge sau da yawa maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai. In aka ɗura masa kunu yana kwance rigingine, ko aka yi masa gaggawa, kunun yakan bi hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu sai zazzaɓi da tari su taso, a ce ciwon huhu ya shige shi, ba a san daga cokali ya fito ba. Wanda ya san aikin yakan tayar da shi zaune, ya ba shi kaɗan-kaɗan, ya jira ya haɗiye, ya bar shi a jingine bayan ya gama, in kuwa ya ga yana ƙwarewa ya dakata ya kira nas.

Na uku shi ne tsabta, kuma a nan ne aikin ya fi ɗaci. Atanda ne ke kawo fo ya ɗauke, shi ke zubar da jakar fitsari, shi ke goge amai da jini, shi ke canza zanen da ya ɓaci, shi ke kai ƙazantar ɗakin haihuwa inda za a ƙone ta. A cikin wannan ma akwai ilmi. Yawan fitsarin da majinyaci ya yi a yini, da launinsa, da ko bayan gidansa ya yi baƙi ko da jini a ciki, duk labari ne da likita ke bukata, kuma wanda ya zubar da fo ɗin shi kaɗai ya gani. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar wanke hannu a lokuta biyar: kafin a taɓa majinyaci, kafin a yi masa aikin da ke bukatar tsabta kamar wanke ciwo, bayan an taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan an taɓa shi kansa, da bayan an taɓa gadonsa ko kayan da ke kewaye da shi. Hannun da ya fi yawo daga gado zuwa gado a ɗakin majinyata shi ne na atanda. In an koya masa, kuma an ba shi ruwa da sabulu, ya zama katanga. In ba a koya masa ba, shi ne zai yi dakon cuta daga wannan gado zuwa wancan ba da saninsa ba.

Na huɗu shi ne sa ido. Likita yakan zagaya da safe ya wuce, nas tana da magani da allura da ƙarin ruwa da rubuce-rubuce na ɗaki guda cur, wani lokaci ita kaɗai a aikin dare. Wanda ke kai da kawowa tsakanin gadaje shi ne zai fara ganin cewa mai jegon nan zanenta ya jiƙe da jini fiye da kima, ko yaron can ya daina kuka ya yi laushi, ko ruwan da aka ɗaura wa dattijo ya ƙare, ko hannunsa ya kumbura a wurin allurar. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin sa'o'i kaɗan. Tsakanin atandar da ta san wannan alama ta ruga ta kira ungozoma, da wadda ta ɗauka jinin biƙi ne ta ci gaba da shara, akwai ran mutum.

Akwai kuma wani aiki na biyar wanda ba a rubuta shi a takardar ɗaukar kowa ba, amma a ƙasar Kataf da kewaye kullum ana yinsa, watau tafinta. A ɗaki guda za ka tarar da Atyap da Bajju da Agworok da Hausawa da Fulani. Hausa ce ke haɗa kowa, amma tsohuwar da ta fito daga ƙauye, ciwo na cinta, takan koma harshen da ta sha a nono. Likitan da aka turo daga wata jiha ba ya jin Tyap, ba ya jin Jju, ba ya jin Fulatanci. Atanda 'yar gari ita ke tsayawa a tsakani, ita ke gaya wa likita inda ke ciwo, ita ke gaya wa tsohuwa yadda za ta sha magani. Ƙasar nan ta ga tashin hankali a Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992, da bayan zaɓen 2011, da hare-haren da suka biyo baya. A duk lokacin da aka kwaso masu rauni, ƙananan ma'aikatan nan ne ke ɗaukarsu daga mota, su wanke jini, su kai wanda ya cika ɗakin ajiye gawa, ba su tambayi ƙabilarsa ko addininsa ba. Wannan kaɗai ya isa a girmama su.

Yanzu sai mu dubi abin da aikin ke ci a jikin mai yinsa. Ɗaga ƙaton mutum daga keke zuwa gado, sau da yawa ba mataimaki, shi ya sa ciwon baya ya zama abokin tafiyar masu wannan sana'a. Tsayuwar dare, ga sauro, ga ɗaukewar wuta, ga rashin ruwa a famfo wanda ke sa a ɗauki bokiti a nufi rijiya, duk suna cikin lissafi. Amma babban abin tsoro shi ne kamuwa da cutar da ake jinya.

Tarihin wannan haɗari a kusa da gida ya fara. A 1969 wata nas ta mishan mai suna Laura Wine ta kamu da wani zazzaɓi a garin Lassa, cikin ƙasar Borno ta yanzu, aka kawo ta asibitin mishan na Jos, ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, sai da aka kai ta Amurka sa'an nan ta tsira. A 1970 cutar ta sāke ɓulla a Jos, ta kashe likita Jeanette Troup. Daga nan duniya ta san zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa ta fitsarinsa da kashinsa, yake kuma tsallakawa daga mutum zuwa mutum ta jini da sauran ruwan jiki. Jos kuwa maƙwabciyar kudancin Kaduna ce, kuma har yanzu cutar takan taso da rani a jihohi da dama. Wanda ke goge aman mai zazzaɓi da hannu tsirara, tun ba a gano irin zazzaɓin ba, shi ne a bakin rami.

Mazauna Ikko ba sa bukatar a tuna musu da 2014. Ran 20 ga watan Yuli na shekarar wani mutumin Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka da cutar Ebola, aka kai shi asibitin First Consultants da ke Obalende. Kafin a shawo kan cutar mutum 20 suka kamu a Nijeriya, 8 suka rasu. Kowa ya san sunan Dokta Stella Adadevoh, wadda ta hana shi fita ya yaɗa cutar cikin gari, kuma ta cancanci duk yabon da aka yi mata. Amma ma'aikatan asibitin nan huɗu ne suka rasu: likitoci biyu, da nas ɗaya, da mace ɗaya mai aikin ɗakin majinyata, irin waɗannan da muke magana a kansu. Mutum nawa ne a yau za su iya tuna cewa ta taɓa rayuwa? Cuta ba ta duba matakin albashi kafin ta kama mutum.

Ban da waɗannan manyan annoba akwai haɗarin kullum. Allurar da aka yi amfani da ita aka jefa cikin kwandon shara, ko aka manta cikin zanen gado, mai shara da mai wanki take soka. Ta wannan hanya ake ɗaukar ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Ciwon hanta nau'in B yana da rigakafi, allura uku ce a jere, kuma akwai akwatin kwali na musamman da ake jefa allurai a ciki. Abubuwa ne masu arha in an gwada da ran mutum. Duk da haka shekara da shekaru kuɗin kasada da Gwamnatin Tarayya ke biyan ma'aikatan lafiya Naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara shi.

Nauyin nan kuwa ƙaruwa yake yi, domin manyan na barin ƙasa. A farkon 2024 magatakardan majalisar nas-nas da ungozoma ya bayyana cewa nas fiye da 42,000 suka bar Nijeriya cikin shekara uku. Duk nas ɗin da ta hau jirgi, aikinta bai bi ta ba, yana nan a ɗakin majinyata, ya faɗa kan wadda ta rage, ita kuma ta sauke wani a kan atanda, atanda ta sauke saura a kan ɗan'uwan majinyaci da ke kwana a tabarma ƙarƙashin gado. Da damina kuwa, lokacin da gonar citta da ta masara ke kiran kowa, ɗan'uwan ma ba ya samuwa, sai a bar yarinya ƙarama ko tsohuwa tana jinyar tsoho. Bugu da ƙari, tun gyare-gyaren aikin gwamnati na zamanin Shugaba Obasanjo aka fara miƙa ayyuka irin su shara da wanki da gadi ga 'yan kwangila a ma'aikatun Tarayya. A 2024 doka ta mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, Jihar Kaduna kuma ta sanar da Naira 72,000, amma kukan da aka fi ji daga ma'aikatan 'yan kwangila da na wucin-gadi shi ne, wannan lissafi bai iso gare su ba, ga jinkirin biya, ga ba fansho.

Abin mamaki, aikin da muke rainawa a gida shi ne dubban 'yan Nijeriya, har da masu digiri, suka sayar da filaye suka tafi yi a Ingila daga 2022, lokacin da aka buɗe ƙofar ɗaukar masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga waje, har zuwa 2025 da aka rufe ta. Ingila ma sai da ta sha kunya ta gyara. Binciken da aka yi kan asibitin Stafford, wanda rahotonsa ya fito a 2013, ya nuna an bar majinyata cikin ƙazanta da ƙishirwa a ƙasar da ke da likitoci da na'urori. Bayan haka ne a 2015 aka fito da takardar shaida ta musamman, mai ƙa'idoji 15, wadda ake so mai taimakon jinya ya cika a farkon kama aikinsa. Darasin a fili yake: na'ura ba ta share majinyaci, gini ba ya ba shi ruwa.

Sai dai kuma, yadda muke neman a girmama aikin, haka muke neman a tsayar masa da iyaka. Atanda ba nas ba ce. Ba aikinta ba ne ta yi allura, ko ta ɗaura ƙarin ruwa, ko ta rubuta magani, ko ta karɓi haihuwa ita kaɗai, ko da ta shekara ashirin tana kallon ana yi. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah: an sha ganin yaron da allura a gindi ta taɓa masa jijiya ƙafarsa ta shanye. Wannan gargaɗi ya fi shafar 'yan'uwanmu na Kudu, domin a unguwannin da muke zaune akwai ƙananan asibitocin kuɗi da ke ɗaukar 'yan mata su koya musu aiki na 'yan watanni, su sa musu fararen kaya, a riƙa kiransu nas. Majalisar nas-nas ba ta san da wannan horo ba, ba ta kuma ba da lasin a kansa. Uban da ya biya kuɗi aka koya wa 'yarsa irin wannan aiki ya sani takardar da za a ba ta ba za ta kai ta ko'ina ba, gara ya tattara kuɗin ya kai ta Kafanchan ko Zonkwa ko Kagoro ta yi karatun da hukuma ta sani. Gwamnatin Tarayya kanta, da ta fito da manufar raba ayyukan lafiya a 2014 don ma'aikatan karkara su ɗauki wasu ayyukan nas da ungozoma, sharaɗin da ta sa shi ne horo tukuna, sa'an nan sa ido daga na sama.

Ba za mu ɓoye ba, jama'a ma suna da nasu kukan. Akwai atanda mai tsawa ga mai naƙuda, akwai wanda ba zai kawo fo ba sai an ba shi na goro, akwai mai kwashe sirrin majinyaci ta kai kasuwa, akwai mai barci a bakin aiki. Waɗannan laifuffuka ne, kuma talauci bai wanke su ba. Majinyaci amana ne, tsiraicinsa amana ne, ciwonsa ma sirri ne. Amma wanda ba a koya masa ƙa'ida ba, da wace ƙa'ida za a kama shi? In ana son a hukunta mai laifi, sai an fara rubuta aikin, an koyar da shi, an biya ladansa.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna da ƙananan hukumomi, da shugabannin sabuwar Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, da masu asibitocin mishan da na kuɗi, su dubi abubuwa huɗu. Na farko, kada a ƙara sa kowa a ɗakin majinyata sai ya yi kos na 'yan makonni kan juya majinyaci, da ciyarwa, da wanke hannu, da zubar da allurai, da alamun haɗari, da riƙe sirri. Makarantun da za su koyar suna nan a Kafanchan da Zonkwa da Kagoro, ba sai an gina sabuwa ba, kuma a koyar da Hausa domin kowa ya fahimta. Na biyu, a rubuta aikin atanda dalla-dalla a manna a bango, abin da zai yi da abin da ba zai taɓa ba, yadda shi da majinyaci duk za su sani. Na uku, safar hannu da takalmin roba da sabulu da rigakafin ciwon hanta su zama haƙƙi, ko ma'aikaci na gwamnati ne ko na ɗan kwangila. Na huɗu, a biya albashi kan kari, kada ya gaza abin da doka ta yanka, kuma a buɗe wa mai ƙwazo hanyar ƙaro karatu ya zama ma'aikacin lafiya ko nas. Sabuwar cibiyar Kafanchan tana da damar da tsofaffin asibitoci ba su samu ba, watau ta fara da ƙafar dama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Kudu, akwai naku rabon. In an ba naku gado a gida, bayan kun tambayi kuɗin magani ku tambayi wanda ke kwana da shi, ku tabbata babba ne mai hankali, ku sa a nuna masa yadda ake juyawa da yadda ake ciyarwa. Cikin kuɗin da za ku aika ku ware na sabulu da safar hannu da zannuwan canji. Ku gargaɗi na gida kada su roƙi atanda ta yi wa majinyaci allura a ɓoye don gudun layi ko neman arha. In kun je ganin gida kun shiga dubiya, ku gai da mai shara yadda kuka gai da likita, ku ce mata sannu da aiki, domin ita ta ga abin da ku 'ya'yan cikinsa ba ku gani ba, ta kuma rufa asiri. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari da ke taro duk wata a Ikko da Badun da Fatakwal, waɗanda ke tara kuɗin kai gawa gida, su riƙa tunawa da masu rai: katan ɗin safar hannu, ko gyaran rijiyar burtsatse a asibitin garinsu, ko ɗaukar nauyin kos ɗin atanda biyu, ba zai fi ƙarfinsu ba.

Yau kai ne mai aikawa da kuɗi daga nesa, gobe kai ne a kan gadon, ba ka iya ɗaga hannu ka kori ƙuda. A ranar, abin da za ka fi bukata shi ne mutum mai sani da tausayi wanda zai zo da ƙarfe biyu na dare ya juya ka. In muna son mu same shi a ranar, yau ne za mu koya masa aikin, mu kāre lafiyarsa, mu biya shi haƙƙinsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.